Fiyus Ɗin Da Ba A Sace Ba

Da hantsi aka gane an yashe salansar Hajiya Rahmatu. Kafin rana ta take tsaka, garejin Abakpa ya gama yanke hukunci.

Katalis aka ɗauka, abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa yana tace hayaƙi, wanda masu saye ke bi kamar gwal. An yanka tukunyar, an kwashe, an mayar an liƙe da walda. Wani bakanike a Mando ne ya leƙa ƙarƙashin motar da Hajiya ta kai masa kukan wari da shan mai, ya nuna mata ɗinkin. Kwana huɗu ke nan da motar ta bar Abakpa. A Abakpa kuwa mutum ɗaya ne ya shiga ƙarƙashinta da wuta a hannu: Baba Nuhu mai walda.

Ƙungiyar 'yan gareji tana da dokarta. Wanda ake zargi, a cire masa kayan aikinsa a ajiye a teburin ciyaman. In la'asar ta yi bai wanke kansa ba, a jefa kayan ta bayan katanga, a karɓe rumfarsa, kuma ba garejin da zai ba shi inuwa daga Kawo har Katabu. Shekara ashirin da shida Nuhu ya yi a rumfar nan. Yanzu kan waldarsa na kan tebur, kusa da kwanon goro.

Shi kuma yana zaune a kan tsohuwar taya, hannayensa masu tabon wuta a kan gwiwa. Waɗanda suka sha shayi da shi da safe sun ja baya sun bar masa fili, kamar mai ƙyanda.

"Ai ni tun da na ga idonsa na sani," in ji mai facin bakin ƙofa, wanda ko sunan katalis bai iya faɗa daidai ba.

Hajiya ba ta gamsu da hukuncin ƙungiya ba. Babbar ma'aikaciya ce, ta saba da takarda. Hujjar kwamfuta take so, wadda za ta ajiye a gaban 'yan sanda. Shi ya sa Ciyaman Shu'aibu ya aika a kira Ya'u Mai-sawu.

Ya'u ya zo a kan tsohon babur, da baƙar jaka a ƙirji. Ubansa mai bin sawun shanun sata ne a ƙasar Zamfara, shi ya koya masa cewa ƙasa ba ta ƙarya, sai dai waɗanda ke tafiya a kanta. Da daji ya fi ƙarfin masu bin sawu, Ya'u ya faɗo Kaduna ya koyi sa wa mota kwamfuta. A wurinsa aikin ɗaya ne. Ya dubi taron, ya ga abin da ya saba gani: ƙarti talatin, ba mai aiki, kowa ya zo kallon yadda za a yanka wani.

"Malam, kai ne mai na'urar?" Hajiya ta tambaya, da gefen mayafi a hanci.

"Ni ne."

"Me za ta nuna?"

"Da aka cire abin, mota ta ji. Ta kunna wutar ƙorafi, ta fara ƙirga tafiyar da ta yi tun daga nan. Shi zan tambaye ta."

Wani saurayi da ya zaɓi ɗan busasshen wuri ya tsaya, don kada laka ta taɓa masa takalmi, ya yi dariya ta hanci. Suhaib ne, ɗan Hajiya, ya gama jami'a yana jiran bautar ƙasa. Farar shadda, tabarau, sabuwar waya.

"Mami, irin waɗannan na'urorin na kasuwa ne. Amma bar shi ya gwada, kada a ce mun hana."

*

Ya'u ya durƙusa ta ƙofar direba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya soka kan na'urar a bakin da aka yi dominta. Ya murza makulli. Allon ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ya ce bai samu mota ba.

Ya zare, ya hura, ya mayar. Haka dai.

Taron ya samu abin da ya zo nema.

"Ko sai an yi mata turare?" in ji mai faci.

"A'a, Zamfaranci take ji, motar kuma Turanci!"

Ya'u ya ɗauki kayansa ya nufi wata tasi da aka tuɓe wa ƙofofi a gefe, ya soka. Nan take 'yar koriyar wuta ta kama a kan na'urar, allon ya zubo cututtukan tasin guda goma sha ɗaya. Dariyar ta ragu, musamman ta mai tasin.

Na'ura dai lafiyarta ƙalau. Ya dawo ga motar Hajiya. Ya auna batir, a cike yake. Ya haska bakin da fitilar waya, ya bi ramukansa goma sha shida ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya buɗe, babu tsatsa. Amma koriyar wutar ba ta kama ba. Kan na'urar daga jikin mota yake shan wuta. In bai kama ba, bakin ne ya mutu.

Ya ɗago ya dubi mita. Fitilun da ke kamawa in an murza makulli duk sun kama: ta mai, ta batir, ta birki. Ta ƙorafin inji ce bai gani ba. A kusurwar gilashin, ƙasa ta hagu, an manna baƙar sitika ta addu'ar hawa abin hawa, da rubutun ruwan zinariya. Ya dube ta. Bai taɓa ba.

Ubansa yakan ce, in sawu ya ɓace tsaf a tsakiyar hanya, ba tashi sama saniyar ta yi ba. Wani ne ya bi da tsintsiya.

*

Ya samu Nuhu a kan tayarsa, ya tsuguna gabansa.

"Baba, mi ka yi wa motar?"

"Maƙalin salansa ne ya karye. Na ɗinke."

"Ka ga ɗinkin tukunyar?"

Nuhu ya dubi ƙasa. "Na gani."

"Sabo?"

"Sabo. Kuma ƙazami, kamar kashin kaji. Ni ko ido a rufe ba na irin wannan aikin."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Don mi?"

"Kwana biyu motar ta yi a nan kafin ta zo hannuna. Na ce wani ne a cikinmu shaiɗan ya ja. Mutum da iyali. Ba a tona wa ɗan gareji asiri a gaban mai mota, ɗana. Haka muka taras."

Ya'u ya juya ya dubi 'yan garejin. Biyu daga ciki har sun shiga rumfar Nuhu sun tsaya, suna auna ta da ido, ɗaya yana girgiza ginshiƙin ya ji ƙwarinsa.

"Ga waɗanda ka rufa wa asirin can," in ji Ya'u. "Suna gaishe ka."

*

Sagir mai wayarin ya ɓuya a bayan wata bas, yana kwance abin da bai lalace ba. Ciyaman ya riga ya shaida wa Ya'u cewa Hajiya ba ta yarda a yi mata juyen baƙin mai sai an sa kwamfuta, kuma Sagir ne ke sawa da 'yar ƙaramar na'urarsa. Ya sa mata tun ranar da motar ta shigo, a gabanta.

"Ta karanta?" Ya'u ya tambaya.

"Ta karanta mana. Lafiya lau ta nuna."

"Kawo ta mu sa yanzu."

Sagir ya sosa ƙeya. "Tana gida."

"Ga wayarta nan tana leƙowa daga aljihunka."

Sagir ya ajiye sukudireba.

"Wallahi Ya'u, ƙin kamawa ta yi. Na ɗauka tawa ce ta lalace. Ga Hajiya tsaye a kaina, ga mutane. Sai na danna-danna, na ce mata lafiya lau."

"Ka duba fiyus?"

"Ina na ga lokaci? Ko akwatin ban buɗe ba. Na rantse da..."

"Adana rantsuwar. Za ka buƙace ta gaba."

Labarin ya riga Ya'u isa tsakiyar gareji. Taron ya juya kamar ganyen masara. Mai faci har ya fara cewa ai shi tun da ya ga idon Sagir ya sani. Mai wayarin ya san inda ake kashe bakin mota, mai walda ya san inda ake yanka ta, sai aka ce haɗin baki ne, a kori biyu a huta.

Ya'u bai yarda ba. Sagir maƙaryaci ne, malalaci ne, amma lalacinsa ya fi ƙaryarsa yawa. In har gaskiya ya faɗa, tun ranar da motar ta shigo bakinta a mace yake. Sai dai maganar maƙaryaci ba ta wanke kowa.

*

Aka kira azahar, gareji ya watse. Ya'u ya yi sallarsa a sahun ƙarshe, ya riga kowa dawowa.

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya ɓalle murfin akwatin fiyus. Gurabe da yawa ba komai a ciki, haka suke zuwa daga kamfani, shi ya sa gurbi ɗaya ba ya jan ido. Amma ya bi su da fitila yadda ubansa ke bin turɓaya. Waɗanda ba a taɓa sa musu komai ba sun cika da tsohuwar ƙura. Guda ɗaya tas yake, ƙarfensa na walƙiya. Zanen da ke jikin murfin ya ce shi ne mai kai wuta bakin kwamfuta.

Ba ƙonewa ya yi ba. Cire shi aka yi.

Yana buƙatar wani irinsa. Ya buɗe gaban mota, ya ɗaga murfin babban akwatin, inda masu ƙera mota ke jera fiyus na ko-ta-kwana. Bai sa rai ba. Motar tokumbo ce, irin waɗannan tun a Kwatano ake cinye su. Haka kuwa, gurabe huɗu wayam, ƙurarsu ta shekaru. A na biyar, ɗan fiyus mai ruwan ƙasa na zaune.

Ya ɗaga shi ga rana. Da ransa. Ƙafafunsa na da zanen daɗewa a soke. Kansa kuwa sumul, ba cizon filaya ko ɗaya. A gefensa ga wata farar matsefata ta roba da ke zuwa da motar don cire fiyus, an goge mata ƙura da yatsa, an mayar da ita mazauninta daidai, kai a sama.

Ya zagaya ya buɗe aljihun gaban kujera. Littafin motar na ciki. An lanƙwasa kunnen shafi ɗaya, na zanen fiyus. Ba ɗigon baƙin mai a jikinsa.

Ya'u ya yi dariya, karo na farko a ranar. Ba mai daɗi ba.

*

Saura kaɗan la'asar, Ya'u ya sa Ciyaman ya tara su a gaban tebur: Nuhu, Sagir, Hajiya da ɗanta, da sauran masu kallo da ba a gayyata ba. Ya ajiye fiyus ɗin kusa da kan waldar Nuhu.

"Ciyaman, shekararka nawa a wanga aiki?"

"Talatin da ɗaya."

Ya miƙa masa farar robar. "Mi ne wannan?"

Shu'aibu ya juya ta gaba da baya. Ya miƙa wa Sagir. Sagir ya matsa ta sau biyu.

"Ta cire ƙaya ce?"

"Da mi kuke cire fiyus?"

"Filaya mana."

"Ko haƙori," in ji mai faci.

"To. Sagir, in ka cire fiyus mai rai daga motar mutane, ba mai kallonka, ina kake kai shi?"

Sagir ya sunkuyar da kai, yana murmushin kunya. "Aljihu."

"Duk wanda zai bar shi a motar, ya ɗaga hannu."

Ba hannun da ya tashi. Wasu ma har da ɗan alfahari.

"Na sani," in ji Ya'u. "Hannayenku ba su da tsarki, amma wanga ba sawunku ba ne. Wanda ya kashe bakin motar nan ya buɗe littafi ya nemi shafi. Ya ɗauki matsefata ya cire a hankali. Sannan ya ajiye fiyus ɗin inda littafi ya ce ana ajiyewa. Bai sa a aljihu ba, don fiyus bai kai abin sata ba a idonsa. Kuma yana da niyyar mayarwa wata rana. Mutum ba ya ɓata kayan gidansu gaba ɗaya."

"Mami, tatsuniya ce wannan," in ji Suhaib. Ya cire tabarau ya mayar. "Mu wuce wurin 'yan sanda kawai, su sun san yadda ake sa irin waɗannan magana."

Hajiya ta kau da kai daga gare shi. "Sa na'urar," ta ce wa Ya'u.

Ya mayar da fiyus gurbinsa, ya soka kan na'urar, ya tayar da mota. Koriyar wutar ta kama. Ba wanda ya yi maganar turare. Allon ya yi juyi ɗaya ya buɗe.

"Ta ce tukunyarta ba ta tacewa. Wannan mun sani. Ta ce tun da ta kunna wutar ƙorafi, ta yi kilomita ɗari biyu da goma sha huɗu." Ya buɗe ƙofar direba sosai, ya nuna ɗan farin salatif da ke manne a jikinta. "Ciyaman, rubutun wa ke nan?"

"Nawa ne. In na yi juye nakan rubuta abin da mita ta nuna."

"Dubi rubutunka, dubi mita. Nawa ta yi tun da ta bar nan?"

Shu'aibu ya leƙa, yana motsa baki. "Sittin da ɗaya."

"Saura ɗari da hamsin da uku. Duk kafin ta ga ƙofar Abakpa. A yashe ta shigo muku, kuka yi mata juye, kuka ce mata lafiya lau." Ya juya. "Hajiya, daga gida zuwa ofis?"

"Bai fi bakwai ba."

"Zuwa da dawowa, kwana biyar na aiki, saba'in. Saura tamanin da 'yan kai. Wace tafiya ce tamanin?"

"Zariya!" in ji mai tasi, da murnar ɗalibin da ya ci tambaya. A can ke nan aka yashe ta, dawowa kaɗai mota ta ƙirga.

Hajiya ba ta waiwaya ba. Mayafin ya bar hancinta tuni. "Asabar biyu da suka wuce," ta ce a hankali. "Suhaib ya je da ita karɓo takardunsa."

Ya'u ya zauna a kujerar direba, ya sa farce a gefen baƙar sitikar.

"Kai, kai!" in ji Ciyaman. "Sunan Allah ne a jiki."

"Na gani." Ya yi bisimilla, ya ɓare ta a hankali ba tare da ta yage ba, ya manna ta a saman gilashin gaba, inda ta fi dacewa. A inda ta tashi, 'yar wuta mai ruwan lemo na ci, da siffar inji.

"Mutum nawa suka zauna a kujerar nan? Ba wanda zai ɓare addu'a ya leƙa bayanta. Wanda ya manna ta ya san haka."

"Tsarabarsa ce ta Zariya," in ji Hajiya. Ba da kowa take ba.

"Mami, wallahi zan yi miki bayani, ba yadda kike..."

"Shiga mota."

Ya shiga. A hanyarsa ya taka laka har idon sawu, bai ko lura ba.

Hajiya ta gyara mayafi, ta dawo babbar ma'aikaciya. "Ciyaman, maganar nan ta mutu a nan. Ba batun 'yan sanda. Yaro ne."

"Haba Hajiya, ai ɗa na kowa ne," in ji Shu'aibu, har da ɗan rusunawa. "Wa bai yi ƙuruciya ba?"

Da hantsi ba wanda ya tuna Nuhu uban wasu ne. Hajiya ta wuce ta gabansa da taku uku. Ba ta dube shi ba. Ta tsaya a kan Ya'u yana naɗe waya.

"Malam, kashe min wannan wutar. Ba zan yi ta yawo da ita ba."

"In na kashe, kwana biyu ta dawo. Ba ta mutuwa sai an mayar da abin da aka ɗauka."

Ta ja motar ta fita da wutarta a kunne, salansa na ruri kamar gwangwani.

Aka kira la'asar. Shu'aibu ya tura kan waldar da bayan hannu zuwa bakin tebur, yana kallon wani wuri.

"To, Nuhu, zo ka ɗauki kayanka. Allah ya kiyaye gaba."

Tsohon ya dafa gwiwa zai tashi.

"Zauna, Baba," in ji Ya'u. "Ciyaman, wa ya ciro shi daga rumfa?"

"Ni ne, bisa doka."

"Hanyar ba ta ƙara tsawo ba."

Shu'aibu ya dubi taron ko wani zai yi magana. Taron kuwa ya samu sabon abin kallo, ba mai niyyar ɓata shi. Ya ɗauki kan waldar da hannu biyu, ya taka har rumfar, ya tsuguna ya ɗaura shi a tiyo da kansa, yana gumi.

"Ai ni tun da na ga idon yaron nan..." mai faci ya fara. Ba wanda ya tsaya ji.

Nuhu ya tashi, ya shiga rumfarsa, ya gwada ɗaurin, ya ƙara masa juyi ɗaya don bai yarda da na Ciyaman ba. Ya buɗe gas, ya ƙyasta. Wutar ta fito ja, ya daidaita ta har ta koma shuɗiya. Mutum biyun nan da suka auna rumfar suna nan tsaye a inuwarta. Ya ɗan karkato bakin wutar wajensu.

"Ku matsa min. Ina da aiki."

Ya'u ya rataya jakarsa. Ya tuna da farar matsefatar da aka bari a tebur, ya miƙa hannu don ya ɗauka ya aika wa mai ita. Kwanon goro kawai ya tarar. A cikin mutum talatin da ba wanda ya san amfaninta, wani ya riga ya sa ta a aljihu.

Ya tofar da yawu, ya buga babur. Har ya fita ƙofa yana jin hucin waldar a bayansa.